Bakin da Na Yi wa Mai Jan Mayafi

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Yau sai da na ɗaga murya a wurin aiki, abin da ba na so. Tun safe ina ɗakin kati, marasa lafiya sun yi layi daga tagata har bakin ƙofar asibiti, ni kaɗai nake hawa kujera ina zaro katuna daga kantar sama. Na leƙo neman wanda zai taya ni, sai na ga Sista da Mai Shara da Mai Magani sun haɗa kai a kan waya ɗaya a baranda, suna musu kamar za su kaure. Na ɗauka wani ne ya rasu. Ashe fim ne.

Wai duk Lahadi ake sako shi a waya. Mai Shara ta ba ni labarin ba da son raina ba. Wata mata ce ta yar da 'yarta tana goye ta bi wani mai kuɗi, kaka ta raini yarinyar har ta zama mutum. Yanzu duniya ta juya wa uwar baya, ta zo ƙofar 'yar da ƙullin kayanta. Yarinyar, wadda suke kira Mai Jan Mayafi, ta dube ta ta ce, "Uwata ta mutu tun ina goye, ke baƙuwa ce." Ta rufe ƙofa. A nan aka tsaya, kuma a kan wannan ne gari ya rabu biyu, 'yan Rufe da 'yan Buɗe.

Sista ta ce, "Ni 'yar Rufe ce har gobe. Da ni ce, har sakata zan ƙara."

Mai Shara ta dogara tsintsiyarta ta ce, "Haba Sista, ki ji tsoron Allah. Wata tara fa ta ɗauke ta."

"To da ta sauke ta ina ta tafi?"

Mai Magani ya ce shi duk bai ga laifinsu ba, kakar ce munafuka, ita ta yi ta zuba wa yarinya dafi a kunne.

Na ce musu su ji kunya. Mutane na nishi a layi, ku kuna shari'ar mutanen da babu su. Sista ta yi dariya ta ce, "Maman Kati, kalli sau ɗaya kawai." Na ce Allah ya kiyashe ni. Tun da Babban, ɗana na fari, ya saya min wayar nan ban taɓa danna hoto mai motsi ba, kuma a gidana ban yarda an kalli fim ba tun yarana suna ƙanana. Ban yi nadama ba.

Laraba, bayan la'asar

Wayata ta hana ni sakat. Guruf ɗin ma'aikata, wanda aka buɗe don sanar da canjin aiki, ya koma kotu. Wannan ya ce yarinyar ta burge shi, waccan ta ce ta yi kuka. Har Mai Gadi, da furfurarsa, ya rubuta wai "jan mayafi ya yi mata kyau". Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na danna na yi musu magana da bakina. Zan rubuta abin da na ce don kada gobe a ƙara min.

Na ce, "Ku bar cewa wasa ne. Yarinyar da ta yarda ta tsaya a gaban tsohuwa ta faɗa mata wannan magana, da bakinta ta faɗa, ba da na aro ba. Ni uwa ce, kuma na faɗa: ba za ta gama da duniya lafiya ba. Abin da take nema ba za ta same shi ba. Wadda ta haife ta kuwa ta yi asarar haihuwa."

Guruf ya yi tsit. Gaskiya ɗaci gare ta.

Juma'a, da yamma

Auta ba ta kira ba. Duk Juma'a takan kira ni daga gidan ƙanwata, inda take zaune tun da ta tafi karatu a garin da take, ta kuma samu aiki a shagon buga takardu. Yaran yanzu in suka fara riƙe albashi sai gaisuwa ta yi musu nauyi. Ba zan kira ta ba. Ba uwa ke neman 'ya ba.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Wata mata ta miƙo min katinta ta taga, na ce mata ta koma bayan layi. Sai ta zaro ido ta ce, "Wayyo, ke ce! Wallahi muryarki ce!" Ta juya ta gaya wa 'yan layi wai ga Muryar Uwa. Ashe Mai Magani ya fitar da maganata daga guruf, wani ya ɗora ta a kan hoton yarinyar tana rufe ƙofa, abin ya zaga ko'ina. 'Yan Buɗe sun mai da ni tutarsu. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta taga tana sa min albarka. Wani saurayi kuma ya ce, "Mama, kin yi zafi, ai aiki aka ba ta." Na ce masa ɓarawo ma aiki yake cewa ya fita.

Na yi wa Mai Magani faɗa, don bai nemi izinina ba. Amma in maganar za ta sa yarinya ɗaya ta ji tsoron uwarta, ban yi asarar yawuna ba.

Lahadi, da hantsi

Auta ba ta kira ba. Na kira ƙanwata, ta katse.

Litinin, bayan magariba

Babban ya zo daga wurin aikinsa ko takalmi bai cire ba. Ya tsaya a ƙofar kicin ina yanka albasa ya ce, "Mama, kin taɓa kallon fuskar yarinyar nan?" Na ce me zan kalla a fuskar marar kunya. Ya miƙo min wayarsa.

Litinin, jim kaɗan bayan haka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, da asuba

Auta ce.

Na rubuta na soke, na sake rubutawa. Auta ce. Tabon da ke ƙasan girarta na nan, wanda ta samu a bakin gado tana rarrafe. Sun shafa mata hoda amma yana nan.

Talata, ƙarfe tara na safe

Ban je aiki ba. Na aika cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Babu wani shagon buga takardu. Wata da watanni ke nan tana wannan aiki da wani suna da ba ni na raɗa mata ba. Babban ya sani. Ƙanwata ta sani, ita ke raka ta ma. Na juya ga Baban yara ina jiran ya tashi tsaye ya yi abin da uba ke yi, sai ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Ya ce, "Na gan ta a shagon aski. Ana ta musu a kanta, ni dai na yi shiru."

Na ce, "Ka gani ka yi shiru?"

Ya ce, "To in ce miki me? Ke ana gaya miki magana ne?" Can kuma ya ƙara da cewa, a hankali, "Ta dai iya."

Ta iya! 'Yarsa ta tsaya a gaban duniya tana zagin uwa, abin da ya samu ya ce ke nan. Gida guda kowa ya sani sai ni. Ni da nake wa 'ya'yan mutane faɗa a layi.

Talata, da rana

Laifinta ne. Da ta gaya min gaskiya da duk haka ba ta faru ba. Ƙarya ba ta haifar da ɗa mai ido. Ni ban san ita ce ba. Allah ya ga zuciyata, ban san ita ce ba.

Laraba, da hantsi

Ƙanwata ta ɗauka a ƙarshe. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, kin huta? Tun ranar da abin ya fito take kunna muryarki. Ta kunna, ta kashe, ta kunna. Ta daina cin abinci. An aiko mota daga wurin aiki ta ƙi fita. Mutane na turo mata maganarki suna dariya, ba su san ke ce kika haife ta ba. Ita ta sani."

Na ce ai ban ambaci sunanta ba.

Ta ce, "Baki na buƙatar suna ne? Ke kika koya mata cewa bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Tun tana ƙarama kike gaya mata. To ta yarda da ke."

Na ce ta ba ta wayar. Na ji ƙanwata tana buga ƙofa, tana cewa, "Mamanki ce." Ba a buɗe ba.

Alhamis, da yamma

Na wanke labulen ɗaki, na wanke na falo, na goge kicin. Ban san ita ce ba.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Ƙanwata ta kira tana kuka. Suna asibiti. Na tafi tasha.

Juma'a, da azahar, a cikin mota

Ina rubutu a kan gwiwata.

Tun da muka bar tasha wata mai goyo a bayana ta tayar da zancen fim ɗin. Mota ta ɗauka. Wani mai farar riga ya ce shi ɗan Rufe ne, don shi ma haka ubansa ya yi musu, ya dawo bayan sun girma yana neman a yi masa hidima. Wata ta ce masa uba daban, uwa daban. Wata budurwa ta ce ku duba idon yarinyar lokacin da take rufe ƙofar, ai ba ƙiyayya ba ce, so take a roƙe ta, da uwar ta ƙara buga ƙofar sau ɗaya da ta buɗe. Direba ya ce shi dai kakar yake jira ta mutu ya huta. Aka yi dariya.

Sai mai goyon ta ce, "Kun ji Muryar Uwa kuwa?" Ta kunna.

Na ji kaina a cikin mota, da ƙarfi, har da tarin da na yi a tsakiya. Ban san muryata haka take ba. Na ja mayafina na rufe baki kamar wari ya dame ni.

Mai farar riga ya ce, "Wannan tsohuwa ba ta da imani. 'Yar mutane na neman abincinta." Wata ta ce gaskiya ta faɗa, duk wadda ta iya faɗar wannan magana ba tare da harshenta ya sarƙe ba, to a gida ma tana faɗa. Budurwar ta ce ta ji an ce yarinyar ta ɓace, an daina ganinta wurin ɗaukar fim. Mai goyon ta tafa hannu ta ce, "Kun gani! Baki ya kama ta. To wannan ma ba uwarta ba ce, ina ga a ce uwarta ce?"

Wadda ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce, "Mama, ke ba ki ce komai ba." Na nuna mata maƙogwarona.

Juma'a, bayan la'asar

Tana da rai. Alhamdulillahi. Tana da rai.

Na daɗe ina aiki a asibiti. Na san ɗakin da ake kwantar da masu zazzaɓi, na san wanda ake kai waɗanda aka sa wa roba ta hanci aka wanke musu ciki. Na san abin da ya sa nas ta kwashe duk wani magani daga kan durowar gadonta, ta kuma ce kada a bar ta ita kaɗai ko banɗaki za ta. Ba zan rubuta ba. Na gaya wa Baban yara a waya cewa zazzaɓi ne.

Ta rame. Wuyan hannunta kamar na yarinya 'yar firamare. Da ta gan ni ta juya ta fuskanci bango.

Asabar, da safe

Har yanzu fuskarta na bango. Na kawo shayi ya huce a wurin.

Asabar, da yamma

Na fita wanke kofi, na dawo na tarar da wata tsohuwa a kan kujerata tana ɓare lemo. Auta ta juyo, har ta ɗora kanta a kafaɗar matar. Na ji da kunnena ta ce mata "Mama". Na tsaya a ƙofa da kofi a hannu kamar mai neman ɗakin da ya ɓace mata.

Ƙanwata ta raɗa min cewa ita ce ke fitowa a matsayin uwar a fim ɗin, wadda aka rufe wa ƙofa.

Matar ta tashi ta gaishe ni da ladabi, ba zan ɓoye ba. Ta ja ni baranda ta ce, "Yaya, ni ban zo sa baki ba. Amma ranar da aka ɗauki wurin nan na ƙofa, tun safe muke abu ɗaya har rana ta faɗi. Da ta zo kan maganar sai ta fashe da kuka. Darakta har ya jefar da hularsa. Ni na riƙe ta na ce, 'yata, faɗa min, na yafe tun kafin ki faɗa. Sannan ta iya."

Na ce mata wanda ya san abu zai sa shi kuka ai ba ya zuwa wurin.

Ta yi murmushi ta ce, "Ni ma 'yan Rufe sun jefe ni da ɓawon ayaba a kasuwa, wai na yar da 'yata. Ni da ban taɓa haihuwa ba. Mutanenmu in suka so abu sai su manta da cewa mutum ne a cikin rigar."

Na koma ɗaki. Na ga dai Auta ta sha lemon da ta ɓare, ɓari biyu. Nawa shayin ba ta taɓa ba.

Lahadi, da hantsi

Yau ma ba a sako fim ɗin ba, kamar wancan Lahadin. Nas-nas ɗin nan ma musunsa suke yi a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, suna leƙen gadonta. Ɗaya ta shigo duba ruwan da ake ƙara mata, ta ce, "Don Allah gaya min, a ƙarshe kin buɗe?" Na kore ta. Yarinya na kwance tsakanin rai da mutuwa, ita ƙofa ce ta dame ta. Wane irin zamani ne wannan.

Litinin, bayan sallar asuba

Ɗakin ya yi shiru, ƙanwata ta tafi gida wanka. Na zauna a bakin gado na ɗora hannuna a kanta. Gashinta ya cukurkuɗe, ba wanda ya taje mata. Na ce, "Auta, ban san ke ce ba. Na janye. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki abin da kike nema in alheri ne."

Sannan ta yi magana, fuskarta na bango, muryar a dishe.

Ta ce, "A ɗaki kika faɗa, Mama. Waccan kuwa, duniya ce ta ji."

Na ce Allah ai yana ji a ɗaki.

Ta ce, "Kin ce wadda ta haife ni ta yi asara. Har yanzu ba wanda ya san ke ce. Kunyata kike ji."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne. Maganar ta ƙi fita.

Litinin, da rana

Wato so take in fito in ce wa jama'a ni ce uwar 'yar fim. Ni da iyaye ke turo min 'ya'yansu in yi musu faɗa. Ni da maƙwabta ke cewa a yi koyi da gidana. Ita ta yi ƙarya, ita ta ɓoye, ita ta shiga abin da na hana, amma ni ce zan tsaya a gaban mutane in tuɓe mutuncina. A ina aka taɓa yin haka?

Talata, da yamma

Likita ya ce jikinta ya wuce haɗari, saura ita. Ya ce in ba ta fara ci ba, ba zai sallame ta ba, kuma ko ya sallame ta kada a ɗauke ido daga kanta. Da ya faɗi wannan ni ya kalla.

Daraktan nasu ya zo da kwalin madara. Wai in na yarda zai kawo kyamara a ɗauke mu muna rungume da juna, jama'a za su so haka. Na nuna masa ƙofa. 'Yata ba kayan talla ba ce.

Na rubuta "'yata". Na ga na rubuta.

Laraba, da hantsi

An kira daga wurin aiki, katuna sun taru, wanda aka sa a madadina ya birkita kantoci. Dole in koma. Na yi mata sallama, ba ta juyo ba. Ƙanwata ta raka ni bakin titi ta ce, "Yaya, ki zaɓa. Ko mutane ko ita." Na ce ba ita za ta koya min riƙon 'ya ba. Ta ce, "Ni na ɗauke ta daga ƙasan banɗaki, ba ke ba."

Mota ta zo, na shiga.

Alhamis, da azahar

Na koma aiki. Sista ta tambaye ni jiki. Mai Shara ta ce tun da na yi magana yarinyar ta ɓuya, wai bakina akwai lasa, abin da na faɗa sai ya tabbata. Ta faɗa tana yabo. Na shiga bayan kanta na zauna a ƙasa tsakanin katuna har aka fara buga taga.

Juma'a, da yamma

Ƙanwata ta ce cokali biyu na shinkafa Auta ta ci, shi ma ta dawo da shi.

Asabar, da safe

Baban yara ya ƙi shan shayinsa. Ya ce, "Ba zazzaɓi ba ne, ko?" Na ce zazzaɓi ne. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya fita. Babban ya ce ya gan shi a tasha.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta yadda abin ya faru, ban ƙara ba ban rage ba.

Layi ya cika kamar kowace Litinin. Jiya ma ba a sako fim ɗin ba, don haka bakin kowa ya buɗe. Wata mata mai ƙiba da ta kawo ɗanta ciwon kunne ita ke jan zancen. Ta ce an ce yarinyar ta haukace. Wata ta ce a'a, ciki ne. Wani dattijo ya ce shi dai tausayin tsohuwar yake ji, an bar ta a tsaye a ƙofa har yau. Mai ƙibar ta iso tagata, ta gane ni, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

Ta ce, "Ga mai maganinta nan! Mama, Allah ya saka miki. Irin waɗannan ai gara su mutu a huta. Ƙara mata wani, mu ce amin."

Wasu suka fara cewa amin tun ban buɗe baki ba.

Katin ɗanta na hannuna. Na ajiye shi. Na zagaya na buɗe ƙofar ɗakin kati na fito baranda, abin da ba na yi a lokacin aiki. Na hangi Mai Magani ya zaro wayarsa, da muka haɗa ido ya yi saurin mayarwa aljihu. Na ce masa, "Fito da ita. Ɗauka da kyau, har fuskata."

Na ce wa matar, "Janye maganarki."

Ta ce, "A'a Mama, ai ke kika fara."

Na ce, "Ni na fara, shi ya sa nake gaya miki. Yarinyar nan 'yata ce. Ni na haife ta, ni na goya ta, kuma ban yi asara ba. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba ko sau ɗaya. Abin da ta faɗa a can rubuta mata aka yi. Abin da na faɗa ni ba wanda ya rubuta min. Na janye shi a gabanku. Allah ya yi mata albarka, ya raya min ita, ta gama da duniya lafiya. Wanda ya ce amin wancan karon ya ce yanzu."

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Mai Shara. Sista ta dafe ƙirji tana cewa, "Maman Kati! Maman Kati!" Dattijon nan ne ya fara cewa amin, sannan sauran suka bi, ba duka ba. Na koma ciki na ba matar katin ɗanta na ce ta tafi ɗaki na biyu.

Litinin, bayan la'asar

Kafin in iso gida hoton da Mai Magani ya ɗauka ya riga ni. Maƙwabciyata da ke turo min 'yarta faɗa ta gan ni ta shige gida ta rufe. Babban ya ce yanzu musun ya dawo kaina. Wasu na cewa na yi jarumta, wasu na cewa duk shiri ne don a tallata fim, wasu na cewa wace irin uwa ce ba ta san inda 'yarta ke wuni ba. Waɗannan na ƙarshen ba ni da amsar da zan ba su.

Har yanzu ban yarda da fim ba. Ban canza ba a kan wannan.

Talata, da safe

Shiru.

Talata, da yamma

Shiru. Wayar na cikin zanina, ko salla zan yi sai in ajiye ta a gefen darduma.

Laraba, bayan azahar

Ta kira. Ina tsakiyar neman katin wani na ga lambarta, na rufe taga a fuskar mutane.

Ta ce, "Mama."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "Na gani. Baba ya nuna min." Sannan ta ce, "Kin rame."

Na ce ba wannan ya dame ta ba. Na tambaye ta ko an taje mata kai, ta ce Baba ya gwada, ya ƙara cukurkuɗa shi. Na ji muryarsa a gefe yana cewa sharri ne.

Ta ce, "Mama, sun ce in na warke in koma in ƙarasa. Me kika ce?"

Maganganu da yawa suka zo min baki, duk na gaskiya ne. Na haɗiye su. Na ce, "Me ke gabanki yanzu?" Ta ce shinkafa ce ƙanwata ta kawo. Na ce ta fara cinye wannan tukuna, sauran magana sai na zo ranar Asabar.

Ta ajiye wayar a kan gado ba ta kashe ba. Ana ta buga min taga. Na zauna a kan kujerar da nake hawa, na manna wayar a kunne ina jin ƙarar cokali a kwano, ban tashi ba sai da na ji tana kankare ƙasan.